Idan Harsashi Ya Fara Watsuwa: Laifin Matokarin Bindiga Ne?

Duk wanda ya riƙi harbin saiti a matsayin wasa ya san irin damuwar da ke zuwa idan bindigar da ta saba tara harsasai wuri guda ta fara watsa su, yau biyar su haɗu cif, gobe uku su haɗu biyu su kama gabansu, alhali harsashin shi ne na jiya, nisan shi ne na jiya, mai harbin kuma a ganinsa bai sauya komai ba. A filin wasan harbin da nake zuwa a nan Amurka, inda doka ta yarda mutum ya mallaki bindigar farauta da ta gasa, abin da aka fi saurin tuhuma shi ne matokarin nan mai ƙafa biyu da ake ɗaurawa a gaban ƙota domin bindiga ta tsaya a kansa. Ba a rasa dalilin hakan ba, domin shi kaɗai ne ake iya kamawa da hannu a girgiza a ji yana motsi, sauran abubuwan da ke ɓata harbi kuwa ba sa nuna kansu ga ido.

Ra'ayina shi ne matokarin da ya yi sako-sako yana iya watsa harbi, amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Abin da matokari ya fi yi shi ne tona wani raunin da ke ɓoye a jikin ƙota, ko a kafaɗar mai harbi, kuma wanda ya sayi sabo mai tsada ba tare da ya gano wannan raunin ba zai koma fili ya tarar da matsalarsa tana nan.

Kafin a kai ga tuhuma ya kamata mu fahimci ƙanƙantar kuskuren da ake magana a kai. Maharba suna auna watsuwar harbi da ma'aunin kusurwa da ake kira MOA, wato kashi 1 cikin 60 na digiri ɗaya, wanda ya yi daidai da kusan inci 1 a nisan yadi 100, ko santimita 2.9 a nisan mita 100. Idan tazarar da ke tsakanin matokari a gaba da jakar yashin da ke ƙarƙashin gindin bindiga ta kai santimita 70, to gocewar ɗayansu da kashi 2 cikin 10 na milimita, kaurin takardar rubutu biyu ke nan, ta isa ta kawar da harsashi da kusan MOA ɗaya a kan allo. Wannan lissafin ne ke sa mutum ya ga kamar duk wani ɗan motsi a matokari bala'i ne. Sai dai akwai lissafi na biyu da ake mantawa da shi. Harsashin .308 Winchester mai nauyin giram 11 yana fita daga bakin bindiga da gudun kusan mita 800 a sakan ɗaya, kuma zamansa a cikin bututu, daga tashin albarushi zuwa fitarsa, bai wuce kashi 1 da ɗan ɗoriya cikin 1000 na sakan ba. A cikin wannan ɗan lokacin, bindiga mai nauyin kilo 5 ba ta ja da baya fiye da milimita ɗaya zuwa biyu. Duk tsallen da ido ke gani, da dukan da kafaɗa ke ji, suna zuwa ne bayan harsashi ya riga ya tafi.

Saboda haka ba motsin matokari ba ne abin tsoro. Abin tsoro shi ne ya kasance a wani hali a harbi na farko, a wani halin daban a harbi na biyu. Matokarin da ke da ɗan sako-sako amma mai harbi yana jingina a kansa da ƙarfi iri ɗaya kowane lokaci, har sako-sakon ya ƙare a gefe guda, zai iya ba da harbi mai kyau. Matokarin Atlas na kamfanin B&T, alal misali, yana da ɗan wasa a ƙafafunsa tun daga masana'anta, kuma masu amfani da shi sun saba tura bindiga gaba kaɗan da kafaɗa har ƙafafun su cije kafin su taɓa kunama. Wanda kuma yake shakkar ko za a iya harbi na ƙwarai a kan ƙafa biyu, ya dubi gasar F-TR, wadda reshe ce ta gasar F-Class da George Farquharson ya assasa a Kanada. A can dokar gasa ta taƙaita maharbi ga harsashin .223 Remington ko .308 Winchester, da matokari a gaba da jakar yashi a baya, da bindigar da nauyinta har da matokarin bai wuce kilo 8.25 ba, kuma a nan Amurka suna harbin allon da tsakiyarsa inci 5 ne kacal daga nisan yadi 1000.

Sako-sakon ma ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da irin ɓarnarsa. Matokarin Harris, wanda ake ƙerawa a jihar Kentucky kuma shi ne aka fi gani a hannun mafarauta, yana kama ɗan ƙarfen nan da ake maƙala igiyar rataya a cikinsa, sannan a ɗaure shi da wani noti da ke ƙasa har kujerarsa ta manne da ƙota. Wannan notin yana sassautawa a hankali saboda girgizar harbi, kuma idan ya sassauta bindiga takan riƙa zamewa a kan kujerar, ta zauna a wuri daban bayan kowane harbi. Wannan sako-sako ne mai laifi, ɗaure shi kuma ba ya ɗaukar minti ɗaya. Wani lokaci notin yana nan daram, amma ƙarfen igiyar ne kansa yake juyawa a cikin ƙota, musamman idan an murɗa shi ne kai tsaye a cikin itace ko roba ba tare da noti a ciki ba. Akwai kuma notin baya, a samfurin da ke karkata dama da hagu domin a daidaita bindiga a ƙasa marar lebur. Idan wannan ya yi laushi bindiga takan kwanta gefe ba tare da mai ita ya lura ba. A mita 100 ɓarnar karkata kaɗan ce, amma a nesa tana girma, domin idan an ɗaga saiti don rama faɗuwar harsashi ta mita 2, karkatar digiri 5 kawai za ta kai shi gefe da kusan santimita 17. Wanda harbinsa ke da kyau a kusa amma yake watsuwa dama da hagu a nesa, ya ɗaura ƙaramin ma'aunin lebur a kan madubin saiti kafin ya zargi iska.

Inda na fi so a tsaya a duba da kyau shi ne tsakanin ƙota da bututu. Yawancin bindigogin saiti na zamani an ƙera su ne yadda bututun ba zai taɓa komai ba tun daga inda ya fito daga gidan sakata, wato ƙarfen da sakatar cusa harsashi ke zirya a cikinsa, har bakinsa, domin bututu yana kaɗawa a lokacin harbi, kuma muddin yana kaɗawa iri ɗaya harsashi zai riƙa fita a wuri ɗaya. Da zarar wani abu ya taɓa shi, yau da ƙarfi gobe a hankali, kaɗawar ta sauya. Matokari kuwa a can ƙarshen ƙota ake ɗaura shi, inda ta fi siranta, kuma ƙotar roba mai araha tana lanƙwasuwa fiye da yadda mai ita ke zato.

Wani matashi ɗan gida da ke karatu a nan, wanda yake bin mu filin a ranakun hutu, ya zo mini da bindigarsa mai sakata da takardun da ya harba, ramukan sun jeru daga sama zuwa ƙasa. Ya ce, "Yaya, matokarin nan ne, duba yadda yake rawa, zan sayi wani." Bayan mun cire harsashi mun zare sakata, na ba shi siririyar takarda na ce ya zura ta tsakanin bututu da ƙota ya ja ta daga baki zuwa gindi. Bindigar tana hannunsa a tsaye, takardar ta wuce sumul, ya dube ni alamar ai ka gani. Sai na ce ya ajiye ta a kan matokarin, ya kwanta rub da ciki a bayanta, ya jingina yadda yake yi idan zai harba, ni kuma na ja takardar. Ba ta yi nisa daga bakin ƙota ba ta cije, ta ƙi gaba ta ƙi baya, da ya ɗan sassauta kafaɗa kuma sai ta sake wucewa. Da muka kwance ƙotar, a cikin kwarin da bututu ke kwanciya akwai wani ɗan tabo mai sheƙi a gefen hagu, inda ƙarfe ya daɗe yana gugar roba. Matokarin yana da ɗan wasa, gaskiya ne, amma da ya sayi wanda ya fi shi ƙarfi da abin da zai faru shi ne ya ƙara samun abin tura ƙotar da shi. An naɗa takardar yashi a jikin sanda an ƙara faɗin kwarin, ramukan kuma suka daina jeruwa.

Abin da wannan gwajin ke koyarwa shi ne a yi shi a halin da ake harbi, da nauyin bindiga da nauyin mutum a kanta, domin takarda tana wucewa a bindigogi da yawa da ke hannu amma ta maƙale a ƙasa. A duba har da ƙarfen igiyar daga ciki, don akwai wanda tsininsa ke leƙowa cikin kwarin ya taɓa bututu idan an ɗaure matokari da ƙarfi.

Ƙasan da ƙafafun ke tsaye a kai ma yana da nasa rabon. Ƙafar roba a kan teburin kankare tana tsalle kuma tana zamewa, ba ta samun abin cizo, shi ya sa mutum ba ya iya jingina da ƙarfi iri ɗaya sau biyu. Bindigar da ta watsa harbi a kan kankare sau da yawa takan natsu idan aka sauko da ita kan ƙasa ko ciyawa, ko aka shimfiɗa guntun darduma a ƙarƙashin ƙafafun. Haka nan ƙafafun da aka zaro har ƙarshen tsawonsu sun fi lanƙwasa, don haka a bar su a gajarce iyakar yadda jiki zai samu sukuni.

Hanyar raba gardama ɗaya ce, kuma ba ta cin ko kwabo ban da kuɗin harsashi: a cire matokarin gaba ɗaya, a ɗora gaban ƙota a kan jakar yashi, kusa da gidan sakata inda ƙotar ta fi ƙarfi, a sa wata jakar a baya, a harba. Idan gungun ramuka ya tsuke, to matsalar tana tsakanin matokari da ƙota da yadda ake jingina. Idan bai tsuke ba, matokari ya fita daga zargi, sai a nemi mai laifi a wani wurin. Amma a nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu, domin suna harba uku a kan yashi su ga sun haɗu, su harba uku a kan matokari su ga sun rabu, su yanke hukunci. Harsashi uku ba sa ba da shaida. Ilmin ƙididdiga ya nuna cewa bindiga ɗaya da harsashi iri ɗaya, ba tare da an taɓa komai ba, gungun harbi 5 yakan fi na harbi 3 faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, na harbi 10 kuma ya fi na harbi 3 da fiye da rabi, sannan gungayen harbi uku-uku suna bambanta da juna ƙwarai saboda sa'a kawai. Shi ya sa mujallar American Rifleman ta daɗe tana gwada bindigogi da gungu biyar a jere, kowanne mai harbi biyar, ta ɗauki matsakaicinsu. Bindigar da mai ita ke cewa ba ta da tabbas, wani lokaci lafiyarta ƙalau, shi ne ya riƙe gungun da ya fi kyau a ransa ya ɗauka nan ne matsayinta, duk abin da ya fi wannan faɗi kuma ya kira shi matsala.

Ni abin da nake ba da shawara shi ne aƙalla harbi goma a kowane hali, a rana ɗaya, da harsashi daga kwali ɗaya, ana yi ana sauyawa: biyar a kan yashi, a bar bututu ya huce, biyar a kan matokari, a sake komawa. Yin haka yana hana zafin bututu da gajiyar mai harbi da sauyin iska su taru a kan ɓangare ɗaya. Kuma kada a sauya abu biyu a lokaci guda. Bakaniken da ya canja fulogi da tace mai da famfo a zama ɗaya, ko motar ta tashi bai san abin da ya gyara ba, ranar da ta sake tsayawa kuma daga farko zai soma.

Idan harbi ya ci gaba da watsuwa a kan yashi, sai a bi notuna ɗaya bayan ɗaya, bayan an tabbatar da ido da yatsa cewa babu harsashi a ciki kuma an zare sakata. Na farko su ne waɗanda suka haɗa gidan sakata da ƙota. Ƙotar itace tana kumbura da damina ta tsuke da rani, notin da aka ɗaure bara yana iya yin laushi bana ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Sai gindin da madubi ke zaune a kai, sannan zobban da suka riƙe madubin, sannan duk wani abin da aka murɗa a bakin bututu. Ɗauri da ƙiyasin hannu ba ya wadatarwa a nan, ana bukatar sukurudireba mai auna ƙarfin ɗauri, a kuma bi adadin da maƙerin ya rubuta. Masu ƙera madubi da yawa suna ba da inci-fam 15 zuwa 18, a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ga notunan zobba, ƙotar da ke da gadon alminiyam kuma takan ɗauki har wajen 65 a notunan gidan sakata, ta itace ƙasa da haka sosai. Wuce adadi ɓarna ce kamar gazawa, domin zoben da aka matse fiye da kima yana iya danne jikin madubi ya hana kayan cikinsa tafiya daidai. Akwai wani tarko a gindin madubi da ya kamata a sani: notin gaba, idan ya ɗan yi tsawo, yakan tokari bututu a ƙasa, a inda aka murɗa shi cikin gidan sakata, hannu ya ji ya ɗauru tam alhali gindin bai manne ba. Ana gane shi ne idan aka kwance sauran notunan aka bar shi shi kaɗai, aka ga gindin yana motsi.

Siffar watsuwar tana ba da haske, ko da yake ba hujja ba ce. Ramukan da suka rabu gida biyu, kowane gida a tsuke, sun fi nuna wani abu da ke kai da komo tsakanin mazauni biyu, kuma madubi ko gindinsa ko zaman gidan sakata a ƙota su ne na farkon dubawa. Ramukan da ke tafiya gefe ɗaya a hankali yayin da harbi ke ƙaruwa sun fi kama da aikin zafi, musamman a siririn bututun farauta da ba a yi shi don harbi goma a jere ba. Madubin da kayan cikinsa suka saki ba a gane shi da kallo, hanyar da na sani ita ce a aro wani da aka yarda da shi a ɗora a gwada. Kafin a kai ga haka a duba abu mai sauƙi: a kafa bindiga a kan jaka, a saita, a ɗan motsa kai sama da ƙasa ba tare da an taɓa ta ba. Idan layukan saiti suna yawo a kan allo, to madubin bai daidaita da wannan nisan ba, kuma duk sauyin da kunci ya yi a kan ƙota zai bayyana a takarda.

Sauran abubuwan an san su. Kowace bindiga tana da harsashin da take so, na gasa kuma ya fi na kwali mai araha daidaito. Iskar da ke ratsawa da gudun kilomita 16 a awa tana ture harsashin .308 da kusan santimita 2 a mita 100, wanda ya isa ya ɓata gwaji. Jan ƙarfen da ke taruwa a cikin bututu, da ɗan rauni a leɓen bakinsa inda harsashi ke rabuwa da shi, duk suna watsa harbi.

Shi kansa mai harbin ba a cire shi daga lissafi, kuma na ga wannan ne ya fi yi wa mutane nauyi. Matokari ya fi jakar yashi bukatar horo, domin yana mayar wa mutum da duk abin da jikinsa ya yi. Wanda ya kwanta a karkace a bayan bindiga zai ga bakinta yana tsalle gefe, wanda ya kwanta miƙe a bayanta zai ga ta dawo kusa da inda ya saita. Wanda yake matse jakar baya da ƙarfi a wani harbin ya sassauta a wani, ko yake danna kunci yau ya ɗaga gobe, zai ga ramuka suna hawa da sauka. Ba da bindigar ga wani ƙwararre ya harba biyar a kan matokarin nan da ake zargi yana warware wannan cikin ɗan lokaci, kuma babu abin kunya a ciki. Jan kunama ba harsashi, ana kallon ko layukan saiti za su motsa a daidai lokacin da ta saki, shi ma yana nuna abin da ƙarar harbi ke ɓoyewa.

Idan kuwa gwaji ya tabbatar da laifin matokari, gyaran ba mai yawa ba ne. A ɗaure notin kujera, a sa masa ɗigon fenti da zai haɗa shi da jikin matokarin domin a gane da kallo ɗaya idan ya juya, a kuma riƙa duba shi kafin kowane zama. Ƙarfen igiyar da ke juyawa a sa masa noti daga ciki, ko a maye gurbinsa da guntun layin Picatinny mai noti biyu, wato ƙarfe mai tsage-tsage da ake maƙala kaya a kansa, wanda ya fi riƙe matokari da kyau. Ƙotar da ke lanƙwasa ko bayan an faɗaɗa kwarinta, sai dai a ƙarfafa ta ko a sauya ta, wannan kuma aikin maƙerin bindiga ne mai lasisi. Bayan kowane gyara a sake saita madubi daga farko, kuma a saita shi a kan abin da za a yi harbi da shi, domin bindiga ɗaya tana iya kai harsashi wuri daban a kan yashi da a kan matokari, ko da gungayen biyu duk a tsuke suke.